Lamba Huɗu a Ƙarƙashin Gado

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Asabar aka bugo waya ofishin 'yan sandan bincike na Evora, aka ce an sami gawar wani dattijo cikin motar kwana a bakin dam. Sufeto Graciete Valadas ko kurɓar kofinta ba ta kai ga yi ba. Ta ture shi gefe, ta zari rigar sanyi, ta yafito Saje Belmiro da ke fama da burodi da cuku kamar wani zai ƙwace masa.

"Taho da shi, ka ƙarasa a hanya."

"Ranki ya daɗe, yau fa ranar gasa kastanya ce, 'ya'yan itacen nan na farkon sanyi. Matata ta ce in ban dawo da wuri ba, in nemi wani gidan."

"To ga motar kwana can za mu gani, sai ka taya."

Belmiro ya yi dariya. Daga ita bai sake wata ba ranar.

Motar fara ce, irin ta rabon kaya, aka fasa mata taga aka mayar da ita ɗaki. Gado a baya, ɗan teburi, murhun gas mai kai biyu, labule mai furanni. An lulluɓe ƙasa da bango da ɓawon itacen nan namu da ake yin toshiyar kwalba da shi. Aiki ne sumul, wanda duk ɗan yankin nan na Alentejo zai shafa ya jinjina kai.

Mamacin sunansa Sinyor Custodio Barradas, shekara saba'in da ɗaya, tsohon mai rabon wasiƙu daga Beja. Yana kwance, bargo har ƙirji, tabaraunsa a ninke kusa da matashi. Karensa kuwa yana bakin ƙofa, ya cusa hanci a 'yar tsagar ƙasa, shi ma ya sandare.

Graciete ta sunkuya ta kalli fuskar dattijon. Kumatu jajur, leɓe jajur, kamar wanda ya dawo daga rawa. Ta san wannan jan. Tana da shekara tara ta shiga ɗakin kakarta da safe, ta same ta zaune a kujera da irin wannan fuskar, kaskon garwashi a ƙarƙashin teburi, an toshe kowace kafa da tsumma saboda sanyi. Sau uku ta kira ta kafin ta gane. Har gobe Graciete ba ta iya zama ɗakin da taga ke rufe ruf.

"Ba zuciya ba ce," in ji likitan da ya riga su zuwa. "Hayaƙin nan ne da ba ya wari. Ki dubi karen."

"Na gani, likita. Belmiro, ɗaga mini katakon gadon nan."

Bayan an fitar da gawar suka ɗaga. A ƙarƙashi akwai hitar gas ta ɗumama ɗaki, 'yar ƙarama, da bututun da ya kamata ya fitar da hayaƙinta waje ta ƙasan mota. Bututun bai kai ba, ya gaza da kamar yatsa huɗu. Wanda ya haɗa sai ya yanko gwangwani ya cike gurbin, ya naɗe da salatif. Zafi ya narkar da salatif ɗin, gwangwanin ya zame, bakin bututun ya tsaya hangame a ƙarƙashin kan mai barci.

"Wayyo Allah," Belmiro ya faɗa a hankali.

"Leƙa ƙarƙashin motar. Akwai ragar shan iska?"

Ya durƙusa cikin raɓa, ya leƙa. "Akwai, guda biyu."

Amma daga ciki babu ko ɗaya. An shimfiɗa ɓawo a kansu, an manne. Graciete ta sa wuƙa ta ɓamɓare fallen da ke kan ragar farko, ta juya shi. A bayansa akwai lamba ɗaya da farin fenti, an rubuta da buroshi mai kauri: huɗu, da ɗigo a ƙarƙashinta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta sa fallen a leda.

Matar mamacin, Dona Idalina, tana zaune cikin motar 'yan sanda da jakar burodi a cinya. Ta riƙe jakar gam, burodin ya huce tuni.

"Mama, ki yi haƙuri, dole in tambaye ki. Ina kika kwana?"

"Gidan ƙanwata, ƙauyen can sama. Ba ta jin daɗi. Na ce ya zo mu kwana tare, ya ce shi da ya sayi gida mai taya ba zai kwana kan kujerar kowa ba." Ta ƙara rungume jakar. "Jiya ne farkon sanyi. Tun da muka saya bai taɓa kunna hitar ba, sai ɗoki yake yi kamar yaro."

"Yaushe kuka saya?"

"Sati shida ke nan, wurin wani Telmo Carrasco a hanyar Montemor. Custodio ba mutum ba ne mai gaggawa, 'yata. Ya tambayi takardar gas, aka ba shi, ga hatimi ga sa hannu. Ya karanta ta har sau biyu."

Takardar tana cikin aljihun gaban mota. Ta ce an duba haɗin gas an same shi lafiya, watan Maris na 2019, sa hannun Mestre Anacleto Pinela, gwanin haɗa gas na garin Arraiolos.

"Aikin ɓawon ne ya tafi da shi," Dona Idalina ta ci gaba. "Ya tambayi Telmo wa ya yi, ya ce wani mutuminsa ne. Kin san mai rabon wasiƙa, ko ya yi ritaya hannunsa bai yi ba. Ya rubuta katin godiya ya ba Telmo ya kai masa. Da ma biyu ne motocin, iri ɗaya sak, tagwaye ma yake ce musu. Mu muka zaɓi mai labulen furanni."

Graciete ta ɗago. "Biyu?"

Dattijuwar ta lalubo waya ta nuna mata hoto. Ga Custodio ya dafa motarsa yana washe baki, a bayansa kuma ga wata fara mai taga iri ɗaya, da shuɗin labule. Lambarta ba ta fito ba.

A hanyar Montemor rediyo ya ce yau da yamma sanyi zai fi na jiya, kan tuddai har ƙanƙara za ta kwanta. Graciete ta kashe shi. Wani yana can da ɗayar motar, bai san komai ba, da rana ta yi sanyi zai miƙa hannu ya murɗa hita. Ba ta san sunansa ba, ba ta san garinsu ba. Ta dubi agogo, sha ɗaya saura minti goma.

Telmo Carrasco irin mutanen nan ne da ke sa baƙin tabarau ko da hadari ya haɗo. Ya tare su da hannu biyu a buɗe, turarensa ya riga shi isowa.

"Sufeto! Wace kike so? Akwai mai banɗaki, akwai mai..."

"Custodio Barradas ya mutu a cikin motar da ka sayar masa."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manna. "Allah Ya ji ƙansa. Tsufa ke nan, ranki ya daɗe."

"Karensa ma tsufan ne?" in ji Belmiro.

"Wa ya haɗa gas ɗin?" Graciete ta tambaya.

"Yadda na saye ta haka na sayar. Wasu mutanen Holland ne, mata da miji, sun koma ƙasarsu. Tun 2019 aka yi aikin, ai kin ga takarda."

"Katin godiyar da marigayin ya ba ka fa? Holland ka kai shi?"

Telmo ya cire tabarau, ya mayar. "Ban tuna wani kati ba."

"Ina ɗayar motar?"

"Wace ɗaya? Ita kaɗai ce."

Ta sa masa hoton a gaban hanci. Ya daɗe yana kallo.

"Au, wannan. Wani Bajamushe ne ya ajiye ta kwana biyu, ya zo ya ɗauka."

"Holland, Jamus," in ji Belmiro. "Saura ka ce Paparoma ne ya ba ka ajiya."

Graciete ta matso har tana jin numfashinsa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Sinyor Telmo, ka saurare ni. Ba zancen takarda nake ba yanzu. Wani zai kunna hitar motar nan yau, ba kuma zai tashi ba. Ka ba ni suna kawai."

Ta ga tsoro a idonsa ƙarara, amma tsoron kansa yake ji. Ya ce ba zai ƙara cewa uffan ba sai lauyansa ya zo, lauyan kuma yana Lisbon wurin biki. Aka sa shi a mota zuwa ofis. Graciete ta ba da umarni a sanar da dukkan masu sintiri su tsayar da duk farar motar kwana mai shuɗin labule. Wanda ya karɓi saƙon ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙarshen makon biki ne fa. Rabin ƙasar nan na cikin farar mota."

Ƙarfe ɗaya da rabi suka isa Arraiolos. Shagon Mestre Anacleto a rufe yake, fentin allonsa ya koɗe. Shi suka samu a ƙofar gida kan keken guragu yana shan rana, hula har gira, hannun damansa a dunƙule kan cinya.

Graciete ta gaishe shi, ta nuna masa takardar. Ya sa hannun hagu ya kai ta kusa da ido. Maganarsa a hankali take fita, gefen bakinsa ɗaya ba ya motsi.

"Hatimina ne. Sa hannun ba nawa ba ne."

"Ka tabbata, Mestre?"

Ya ɗaga mataccen hannun da mai ran, ya sake shi ya faɗi. "Tun Kirsimetin 2018 wannan bai riƙe ko cokali ba. Wace mota ce?"

Ta faɗa masa abin da suka gani: gwangwani, salatif, ragar iska a rufe. Tsohon ya rintse ido, hawaye ya biyo gefen da ba ya motsi.

"Shekara arba'in ina wannan aiki, ko kaza ba ta mutu a hannuna ba. Gas ba ya son wayo, 'yata. Ko ka yi daidai, ko ka bari. Shiga, hatimin yana aljihun teburin ɗakina."

Belmiro ya shiga ya fito. Aljihun ba komai sai tsofaffin fensira.

"Wa ke shiga ɗakinka?"

"'Yata Aurora, ita ke kawo mini abinci. Sai mijinta Herminio Fialho, in wani abu ya lalace." Ya yi tsaki. "Shekara talatin yana ɓare itatuwa, shi ne mai bokitin fenti. Da kafaɗarsa ta gaza sai ya ce shi kafinta ne. Kafintancin dai ya iya, ban hana masa ba. Amma komai ya taɓa sai ya shafa masa lamba, kamar gidana daji ne. Dubi nan."

Ya nuna gangaren katakon da aka yi wa kekensa a bakin ƙofa. A gefensa, da farin fenti, ga huɗu da ɗigo a ƙarƙashi.

Kowa a nan ya san dalilin lambar. Idan aka ɓare itace sai a rubuta masa lambar ƙarshe ta shekarar a jiki, don a san ranar da za a dawo masa bayan shekara tara. Huɗu ita ce ta bana. Takarda ta ce 2019, ɓawo ya ce 2024, ita kuwa motar ba a ma ƙera ta ba a 2014, balle a ce huɗun waccan shekarar ce. Graciete ta fito da fallen da ke leda ta ɗora kusa da gangaren. Hannu ɗaya ne, har ɗigon.

"Yaushe ya yi maka wannan, Mestre?"

"Bana, da bazara."

Gonar Herminio tana da nisa, hanyar kuma duk rami. Belmiro na tuƙi, Graciete na kallon rana tana gangarowa bayan itatuwa, kowanne da farar lambarsa a jan jikinsa. Sau huɗu ta kira ofis. An tsayar da motoci goma sha bakwai, babu ita a ciki.

Uku da rabi ta gota suka isa. Herminio ma shigowarsa ke nan a tarakta, tun asuba yana wurin kaɗar zaitun. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai furfura, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ya kashe inji ya sauko yana goge hannu a wando.

"Lafiya, ranki ya daɗe?"

"Ka san Telmo Carrasco?"

"Sama-sama. Na taɓa yi masa kabad."

"Ka shimfiɗa ɓawo a motar da ya sayar wa wani dattijo ɗan Beja?"

"Ɓawo kam ina shimfiɗawa. Amma ni ban taɓa gas, ba aikina ba ne. Surukina ne mai gas."

"Dattijon ya mutu jiya. Hitar ce ta kashe shi."

Herminio bai ce Allah Ya ji ƙansa ba, bai tambayi yadda aka yi ba. Idonsa ne ya tafi kan rumbun da ke bayan gida, mai ƙaton kwaɗo a ƙofa, ya dawo da sauri. Graciete ta gani.

"Me ke cikin rumbun?"

"Tarkace."

"Buɗe mu gani."

"Makullin ya ɓata, ya fi wata."

"Ina ɗayar motar, Sinyor Herminio? Mai shuɗin labule?"

"Ban san wata mota ba. Na rantse da kabarin uwata."

Daidai nan wata mata ta fito daga kicin da kwanon kastanya a hannu, tana tsaga su da 'yar wuƙa. Dona Aurora ce, kamarta ɗaya da tsohon Arraiolos.

"Wane makulli ne ya ɓata? Kai dai, Herminio! Ba ga shi cikin tsohon takalminka ba inda ka ɓoye? Ka ɗauka ban sani ba?" Ta zaro shi daga aljihun gaban riga ta miƙa wa Belmiro. "Ku yi haƙuri da shi, haka yake da kayansa, kamar kaza da ƙwai."

Belmiro ya buɗe kwaɗon, ya ja ƙofar. Ga teburin aiki, ga tarin fallayen ɓawo, ga bokitin farin fenti da buroshi a ciki, ga kwalayen hita guda biyu babu komai a cikinsu. A tsakiya kuwa fili ne fetal, sai sawun taya sabo a ƙasa.

Graciete ta juya don ta tambayi Herminio, sai ta fasa. Ba ta taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Bakinsa a buɗe, yana kallon filin.

"Aurora," ya ce da wata murya da ba tasa ba. "Ina motar?"

"Na ba 'yarmu Benedita. Sati uku ka kulle mota sabuwa fil kana cewa ba a gama ba, alhali ko labule an sa. Yarinyar nan tun da ta haihu ba ta fita ko'ina ba. Sun tafi Marvao bikin kastanya ita da mijinta da jaririn, gobe za su dawo. In faɗa ne ka yi da ni, ni na..."

Ƙarar da Herminio ya yi ta sa kwanon ya suɓuce daga hannunta, kastanya ta watse a ƙasa.

Marvao tafiyar awa biyu ce, a kan dutse take, can sanyi ke fara sauka. Graciete ba ta ɓata lokaci ba.

"Belmiro, kira 'yan sandan Marvao da motar asibiti. Dona Aurora, lambar 'yarki. Yanzu!"

Kiran farko bai shiga ba. Na biyu ya shiga, ya yi ta ƙara har ya katse. Aurora na tsaye tana duban wannan tana duban wancan, tana tambayar me ya faru, babu mai amsa mata. Aka kira mijin Benedita. Ya ɗauka cikin hayaniya da kiɗa, yana dariya.

"Mama! Ina layin sabuwar giya, kin ga mutane kuwa? Benedita? Ai ta koma mota da yaron tun ɗazu, sanyi ya yi masa yawa. Ta ce za ta kunna hita ta kwantar da shi."

"Tun yaushe?" Graciete ta fizge wayar.

"Wa ke magana? Ya kai minti arba'in. Lafiya?"

"'Yar sanda ce. Ina motar take?"

"Can ƙasan gari, filin da aka ware. Da ɗan nisa, bas muka hau..."

"Ka jefar da abin da ke hannunka ka ruga. Ka fasa taga in ta kama. Ruga!"

Suka koma kan lambar Benedita. Ƙara ɗaya, biyu, biyar, ta katse. Herminio ya durƙushe a ƙofar rumbu, ya karɓi wayar da hannu biyu yana dannawa. Graciete ta tsaya a kansa. Abin da take gani kawai kujerar kakarta ce, da yadda ta kira sau uku.

A kira na shida aka ɗauka.

"Mmm... Mama?" Muryar a narke take, kamar ta wanda ya sha maganin barci.

"Benedita! Ni ne, Baba. Tashi ki buɗe ƙofa!"

"Baba... kaina ke ciwo. Bari in ɗan kwanta, zan kira ka."

"Kada ki kwanta! Ɗauki yaron ki fita!"

"Yana barci. Ya yi barci mai kyau yau... ko motsi ba ya yi. Akwai sanyi a waje, Baba."

Aurora ta toshe bakinta da hannu. Graciete ta durƙusa kusa da Herminio, ta kama kafaɗarsa mai ciwon ta matse.

"Ba za ta tashi don ka ce ta tashi ba. Faɗa mata dalili."

Ya dubi Sufeto, ya dubi matarsa. Sannan ya kai wayar bakinsa ya yi ihu har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Hitar guba ce, Benedita! Ni na haɗa ta, ban iya ba, da gwangwani na cike bututun! Ta kashe mutum jiya, ni na kashe shi! Za ta kashe miki ɗa! Ki tashi don Allah, ki tashi!"

Shiru. Sai wani motsi, wani abu ya faɗi ya fashe. Suka ji tana jan jiki, tana nishi, tana lalubar ƙofa. Ƙarfe ya yi ƙara sau ɗaya, bai buɗe ba. Ya sake yi. Sannan ƙofar ta zuge, iska ta bugi wayar.

"Ba ya motsi," muryar Benedita ta zo daga nesa. "Baba, ba ya motsi!"

"Ki fitar da shi cikin iska," Graciete ta faɗa da ƙarfi. "Ki buɗe masa riga, ki murza bayansa, ki mari tafin ƙafarsa. Kada ki daina."

Belmiro, da waya a kunne, ya cire hula bai sani ba. Can cikin wayar ana jin iska, da kukan Benedita tana kiran sunan ɗanta, da wata jiniya nesa ƙwarai.

Sai wani ɗan tari. Sai kuka, siriri da farko, sannan ya buɗe sosai, irin kukan jaririn da aka ɓata wa rai.

Aurora ta zube ƙasa cikin kastanyarta. Graciete ta tashi, ta juya baya, ta goge ido da hannun riga. Ba ta damu ko Belmiro ya gani ba, shi ma nasa idon ya yi ja.

Sai da ma'aikatan asibiti suka karɓi wayar suka ce uwa da ɗa suna hannunsu, an sa musu iska, sannan ta koma kan Herminio. Yana nan durƙushe. Bai jira tambaya ba.

"Telmo ya kawo motocin, ni na gyara su. Ya ce masu saye ba sa son jin iska na shigowa ta ƙasa, sai na rufe ragar. Bututun ya zo gajere, na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Hatimin surukina na ɗauka, Telmo ya rubuta tsohuwar shekara don a ce kafin ciwonsa ne, ashe bai ja ta baya sosai ba."

"Me ya sa ka ɗauke ta biyun daga wurin Telmo ka kulle?"

Ya kawar da kai.

"Sinyor Herminio."

"Na gwada hitar. Sati uku da suka wuce. Na zauna ciki minti ashirin, na fito ina amai, da rarrafe na kai ƙofa." Ya sunkuyar da kai. "Na ce zan gyara ta in an gama zaitun."

"Ta dattijon fa?"

"Na ce wataƙila tasa ta fi kamawa. Na ce in na yi magana za a tambayi takarda."

"Sati uku," in ji Aurora daga ƙasa. Ba ihu ta yi ba. "Sati uku kana cin abinci a teburina, ka san wannan. Da hatimin ubana."

"Ban san inda zan same shi ba, Aurora. Wallahi ban san ko sunansa ba."

Belmiro ya ɗaga shi ya sa masa ankwa. Graciete ta shiga rumbun don ɗaukar bokitin fenti da kwalayen. A saman teburin aiki, an kafe shi da ƙusa inda ido zai riƙa faɗawa kullum, ta ga wani kati mai hoton hasumiyar Beja. Ta cire shi ta juya. Rubutu ne tsaf, na mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta adireshin mutane.

Ta fito da shi, ta tsaya gaban Herminio, ta karanta a fili.

"Zuwa ga mai aikin ɓawo. Ban san ka ba, amma na ga hannunka, hannun mutumin kirki ne. Ni da matata mun gode. In ka shigo Beja, kofi na jiranka. Custodio Barradas."

A ƙasa ga sunan titi, ga lambar gida, ga lambar waya, an ja mata layi biyu.

Herminio bai ɗago ba. Belmiro ya dafa kansa ya shigar da shi mota. Graciete ta sa katin a leda, ta buɗe tagar gefenta har ƙasa duk da sanyin, ta ce su biya ta ƙauyen bakin dam tukuna, Dona Idalina na jira.